Sashen Palpa Ba Shi da Mai Shi

Tansen, Nepal, 2 ga watan Chait na kalandarmu

Zuwa ga 'yata Rojina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan tarin nan ya sake ki. Kakarki lafiya, sai gwiwa. Ƙaninki Sujan lafiya. Ɓauna ta haihu. Babanki ne ba lafiya, kuma ba ciwon asibiti ba ne.

Kin san kundin nan na intanet da yake yi wa aiki kyauta shekara goma sha shida, inda ake jera shafuka gari-gari, kowanne da bayani layi ɗaya? An aiko cewa an rufe shi. Tun ranar ko rabin shinkafarsa ba ya ci. Asabar ta zo, ranar da yake bin shafukan yankinmu na Palpa ɗaya bayan ɗaya ya ga wanda ya daina buɗewa, sai ya zauna yana kallon bango.

Sujan ya ce wasu daga cikin masu aikin sun kwashe kundin zuwa sabon gida. Amma duk sashen da ba wanda ya karɓa kafin ashirin ga wata, za a bar shi yadda yake, ba ƙari ba gyara. Na ce wa babanki ya karɓa. Ya ce, "Uwar Rojina, wa yake duba kundi yanzu? Ke da kika koyi baƙi da furfura, ke ki karɓa mana!"

Ya faɗa ne don ya rufe mini baki. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai.

Na sa Sujan ya buɗe mini sashenmu. Kwana huɗu ina bi da yatsa. Ashe haka garinmu yake da yawa? Masaƙa, maƙeran butar tagulla, har asibitin dabbobi. Kuma na ga kuskure: babanki ya rubuta cewa masaƙar Dilmaya da inji take aiki. Da hannu ne, ni na ɗaura mata zare.

Mai son karɓa sai ya rubuta bayanin gwaji uku, kuma doka ta hana yabo. Ba "mafi kyau", ba "shahararre". Ashe shi ya sa babanki bai yabi shagon Hira mai kayan zaƙi ba, har mutumin ya yi shekara yana gaba da mu! Na zata abu ne mai sauƙi. Gwada faɗin mutum ba yabo ba zagi ki gani. Layi ɗaya ya ci mini yini.

Ga ukun nan a bayan takarda. Babanki bai gani ba, ina tsoron dariyarsa, na fi tsoron shirunsa. Ki duba mini: akwai yabo a ciki? Masu kundin suna karɓar wadda take rubutu a hankali? Suna tambayar aji nawa mutum ya yi?

Kada ki gyara mini, ki dai nuna inda na kauce. Amsarki ta iso kafin sha biyar, don Sujan ya ce tura layi uku a intanet da hannuna zai ci kwana biyar.

Mahaifiyarki,
Chinimaya Shakya