Rigakafi ko Ruwan Gishiri

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki? Na ba direban da ke zuwa ɗaukar gwajin yara wannan takarda, don in na kira ka a waya kuka ke hana ni magana.

Aku ta kamu. Zazzaɓi ya rufe ta ranar Laraba, ranar Alhamis likitan bincikenku ya kira ya ce cutar nan da ke yawo ce. Yarinyar da Baba ya sa wa suna Aku saboda surutu, ga ta kwance, ko "ruwa" da ƙyar take cewa. Shi ma Baba tun jiya yake tari, ka kuma san sugansa.

Kai ka ce in sa ta a binciken nan. Ka ce rabin yaran rigakafi ake yi musu, rabi ruwan gishiri, don a gane ko allurar na hana su yaɗa cutar a gida. Na sa hannu saboda kai. To yanzu ka gaya min, wanne aka yi wa 'yata? Lambarta 214.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa da yi muku sannu, Allah ya ba su lafiya.

Wallahi ban sani ba. Ni a ɗakin gwaji nake, kwalabe ake kawo min, lamba ce a jiki, babu suna. Takardar da ta nuna abin da aka yi wa kowane yaro tana kulle a hannun wani kwamiti, ko babban likitanmu bai taɓa ganin ta ba. Na roƙe shi, ya ce sai an kammala, nan da wata bakwai. Kuma ko da rigakafin aka yi mata, ba mu da tabbacin yana hana yaɗawa. Abin da muke nema ke nan.

Ki raba musu ɗaki, ki buɗe tagogi, kowa ya sa takunkumi. Mu ma'aikata an hana mu fita daga harabar asibiti.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. In raba ɗaki? Ɗaki biyu ne da mu, ko ka manta? Na kai ta wajena, ina juya baya ta lallaɓa ta koma bayan Baba ta kwanta. Da na yi faɗa sai ya ce, "Bar min matata, wa zai raba mu?"

Aku ta warke, har ta ci abinci. Baba kuwa yau da safe numfashi ya gagare shi, motar asibiti ta ɗauke shi. Yana hawa na uku a asibitinku. A bakin ƙofa aka tsayar da ni, na dawo da takalmansa a hannu. Don Allah ka hau ka gan shi. Ka ce masa na ajiye rediyonsa.

Auta

*

Auta,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Akwai abin da na kasa faɗa miki a waya.

Na hau kullum, amma ta gilashi kawai nake ganin sa. Ranar ƙarshe na ɗaga masa hannu, ya kalle ni cikin rigar leda da takunkumi, ya kau da kai. Bai gane ni ba.

Ga maganar. Duk Litinin ana kawo mana gwajin hancin yaran. Litinin ɗin da ta gabaci zazzaɓin Aku, kwalba ta 214 ta biyo ta hannuna. Ni na gwada, ni na rubuta cewa akwai cutar. Amma tsarin aikin shi ne a tara sakamako a tura wa likita ranar Alhamis, sai na ajiye cikin sauran na tafi cin abinci. Ban san tata ba ce sai da na ga lambar a wasiƙarki. Kwana uku tana kwana a bayan Baba, takardar na kan teburina.

Na tambayi likita ko kwana ukun nan da sun cece shi. Ya ce babu mai iya sani. Yanzu an sauya tsari, a ranar ake kiran iyaye. Har yau ina zuwa aiki, kwalba ɗari da hamsin a rana, kowace na ɗauka sai in tsaya ina kallon lambar.

Ki yafe min in za ki iya.

Yayanki

*

Yaya,

Na gaishe ka. Na karanta. Ba ni da ƙarfin yin fushi da kai, kuma ban san da wa zan yi ba.

Aku ta ji maƙwabta na cewa yara ne ke kawo cutar daga makaranta. Yau sau uku tana tambaya ta, "Umma, ni na sa wa Kaka?" Na farko na ce mata a'a. Ta ce, "Kin tabbata?" Sai na tashi na shiga wanke-wanke.

Kai ne ka yi karatu. Ka rubuto min abin da zan ce mata, direba zai dawo Litinin.

Ƙanwarka, Auta