Kujerar Baba a Ɗakin Nuni

Litinin, 3 ga Maris

Na gama rataye rediyoyin Baba a ɗakin nuni. Talatin da ɗaya, duk waɗanda ya rasu bai gama gyarawa ba. Kowace da igiyarta daga rufi, daidai kunnen mutum. Fitila ɗaya tak, a kan kujerarsa ta aiki. Na ɓoye makunni a ƙarƙashin matashin: da mutum ya zauna, rediyoyin za su tashi da muryarsa, wadda na naɗa a waya yana mita a shago. Bulo na ɗora a kujerar na gwada, sannan na gudu waje.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya ya kira. "Kin kwashi mahaifinmu kin kai wa 'yan kallo." Na ce aikina ne. Ya ce can ke da aikinki, ya kashe.

Asabar, 8 ga Maris

An buɗe. Mutane sun zagaya, hannu a baya, sun ɗauki hoto, sun fita. Ko ɗaya bai zauna ba, an saba musu da kada a taɓa. Wata har da cewa shirun ne ya burge ta. Shiru fa. Wata shida ina fama da wayoyi.

Lahadi, 9 ga Maris

Mai kula da ɗakin ta ce in riƙa gaya musu su zauna. Na ƙi. Na ce mata wai ban san dalili ba. Ƙarya nake. A gida ba wanda ya taɓa zama a kujerar nan, ko Baba yana nan ko ba ya nan.

Talata, 11 ga Maris

Kewarsa nake.

Alhamis, 13 ga Maris

Yaya ya zo ba sanarwa. Ya daɗe tsaye, sannan ya durƙusa gefen kujerar yadda muke gaishe da Baba. Ya ce ina muryar da ake faɗa? Na ce sai an zauna, kuma kai ne babba. Ya ce wallahi ba zai iya ba.

Ni na zauna. Daga ko'ina Baba ya ce, "Wa ya ɗaukar min sukudireba kuma?" Yaya ya yi dariya har ta juye kuka. Na kasa tashi.

Asabar, 15 ga Maris

Yau a bakin ƙofa na tsaya ina cewa bismillah, a zauna. Ƙafata ce dai ta gaji da kai-kawo. Mutum goma sha huɗu suka zauna. Ramin da Baba ya bari a matashin ya fara ɓacewa. Na gani sarai. Ban hana kowa ba.