Ƙararrawar Keken Baba Audu

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan Shanga lafiya lau, Inna na gaishe ki.

Baba ya dawo jiya. Kwana shida suka yi bisa kekunansu, shi da amininsa Baba Audu, har Wara, don ya ga bishiyar kukar tsohon garinsu da ruwan Kainji ya cinye. Ya ce wa Inna ya ganta.

Da na kai wa Baba Audu ruwa, ya ce, "Ɗiyata, rubuta wa yayarki. Tun daga Yelwa ni ke gaba ina kaɗa ƙararrawa, ƙarar yake bi. A bakin ruwa ma ni na juya shi ya fuskanci wurin. Babu kuka, ruwa ne kawai."

Yaya, idon Baba ne, kuma yana ɓoyewa. Ina jin nauyin yi masa magana. Don Allah ki zo a kai shi asibiti, ke yana jin taki.

Ɗazu na gan shi yana goge kekensa. Na sace iskar tayar, na ɓoye famfon ƙarƙashin gadona.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Talatu