Robar da Baba Ya Ɗaura wa Sitiyari

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Fatakwal? Ya Anti Binta da yara? Mu nan Kura lafiya lau, tumatir ma ya fara nuna.

Zancen motar marigayi Baba ne. Da aka gama fenti da gyaran inji, na fita da ita hanyar bakin kanal, sai na ji sitiyari yana wasa, motar tana ja hagu. Saura ƙiris in afka ruwa. Na kai wa Malam Iliya bakanike, ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana dariya da baƙar roba a hannu. Ashe ƙarfen da ke juya taya ya daɗe da cinyewa, Baba ya ɗaure shi da robar taya, yadda yake ɗaure tiyon injin ban-ruwa! Malam Iliya ya sa sabon ƙarfe, ya ja zare ya auna, ya saita tayoyin.

Ranar Juma'a na kai Inna Bunkure wurin ƙanwarta. Tun rasuwar ba ta shiga motar ba sai ranar. A hanya na nuna mata robar. Ta duba ta, sannan ta ce, "Habu, motar ta miƙe kam. Amma a hannun Babanku rangaji take yi." Ta karɓi robar ta ƙulle a bakin mayafinta.

A ci gaba da sa Baba a addu'a, mu ma kada a manta da mu. Inna tana gaishe ku duka.

Ƙaninka,
Habu