Dami Casa'in a Bangon Aji

Litinin, 7 ga Oktoba

Bakina ya sake ja mini. Ina majalisa wajen mai shayi, kowa na kuka da daminar bana, sai ga Afra'u da littafinta. 'Yata ta fari, aji biyar. Wai malaminsu na lissafi, Malam Musbahu, ya ce kowane yaro ya tambayo babansa dami nawa na gero ya samu bara, nawa bana, za su yi jadawali. A gaban mutane fa! Wa ke faɗin cikin rumbunsa a bainar jama'a? Na ce, "Bara talatin. Bana rubuta casa'in, ban ma gama kwasowa ba." Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta durƙusa ta rubuta.

Tara ne. Ruwa ya kwanta a gonar, geron ya ruɓe a tsaye. Gonar tana can wajen Toranke, ba wanda ya gani daga nan Gafasa, kuma ta bayan gari na shigo da amalanken.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ta dawo da gudu, ko takalmi ba ta cire ba. Sun mayar da jadawalin zane a kwali, kowane gida sanda biyu, ta bara da ta bana. Tamu ta bana ta wuce ƙarshen kwalin, sai da Malam ya liƙa wani da gam. Da ya tambaya gidan wa ne bana ta fi bara, duk ajin suka ce, "Gidan Kabo!" Har tafi aka yi mata. Ita aka zaɓa ta yi bayani ranar taron iyaye. Yarinyar da ko sunanta aka kira a aji sai ta sunkuyar da kai.

Na buɗe baki in faɗa mata. Na tambaye ta ko ta ci abinci.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Matata Hanne daga madafa: "Baban Afra'u, tuwon casa'in zan tuƙa yau, ko na tara?"

Jumma'a, 11 ga Oktoba

Bayan an idar da salla Liman ya riƙe hannuna. Ya ce da ya yi niyyar sa ni cikin waɗanda za a raba wa zakkar bana, don ya ga na rame, sai jikansa ya ba shi labarin bangon aji. Na ce wasa nake, ai ya san ni. Ya ce, "Kabo, mun san ka da wasa, amma wannan a makaranta aka rubuta. Kada ka ɓoye ni'imar Allah." Ya ce in fitar da ɗaya cikin goma kafin a yi rabo.

A hanya na lissafa da yatsu. Zakkar casa'in, tara ce. Wato duk abin da ke rumbun, har da karan. Ni da lissafi ya kora daga aji biyu na sakandare, yau ya biyo ni har gida.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na kira Yaya Uthman a Kademi in roƙi ko buhu guda. Kafin in gama gaisuwa ya ce barka, ya ji labari, in ajiye masa iri. Na ce to. To fa na ce!

Mu bakwai ne a gidan nan. Dami tara ba zai kai mu azumi ba, balle bazara.

Talata, 15 ga Oktoba

Na je makarantar bayan an tashi. Na tsaya ƙarƙashin sandata, ja ce, ta fi ni tsayi. Na gidajen mutane duk sun durƙusa, tawa ta miƙe kamar turken lantarki. Na ce da Malam Musbahu ya taimaka ya ɗan rage ta a hankali, kullum kaɗan, kamar ɓera ne ke ci. Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce tun ranar farko ya yi shakka, kuma darasin gobe ke nan: idan sanda ɗaya ta bar 'yan'uwanta nesa, a tambayi dalili. "Amma ni ba na taɓa lambar yaro, Malam Kabo. Ita ta kawo, ita za ta gyara."

Na roƙe shi har da Allah da Annabi. Ya ba ni kujera. Ta yara ce, gwiwata a haɓata.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Tun girbi ni nake shiga rumbu da kaina, ina maƙalewa a bakinsa, don kada yara su gani. Yau ina gona Hanne ta zura Afra'u ta ɗebo gero. Da gangan ta yi, na sani. Na dawo na same ta a gindin rumbun, ƙaiƙayi a ka, ba ta kaɗe ba.

"Baba, sau uku na ƙirga."

Na nemi abin dariya a duk aljihuna, babu. Ta ce Malam ya koya musu, in lamba ta yi wani iri a koma inda aka samo ta. "Ni wajenka na samo."

Asabar, 19 ga Oktoba

Ta ce ba za ta taron ba, ba za ta ƙara zuwa makarantar ba ma. Za a ce mata 'yar maƙaryaci. Idan na yi shiru, Liman na jiran dami tara. Idan na yi magana, ita za a nuna da baki. Ya Allah. Hanne ta aje mini tuwo ta juya abinta, gara ta yi faɗa.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na ja hannunta muka tafi, tana tirjewa har ƙofar aji. Iyaye cike, Liman a gaba. Kafin a kira ta na miƙe. Mutane suka fara murmushi, sun ɗauka wasan zan yi. Na ce yarinyar nan abin da ubanta ya faɗa ta rubuta, uban ne bai faɗi gaskiya ba, tara ne. Na karɓi almakashi wajen Malam. Ita ta sa rula ta nuna mini inda tara take, can ƙasa, sai da na tsuguna na yanke.

Tun da nake a garin nan ban taɓa magana aka yi shiru haka ba.

Na ɗauka zama za ta yi. Sai ta ɗauki sandar nuni. Ta bi gida-gida, bara kaza, bana kaza, bambanci kaza. Da ta zo namu ta ce, "Gidan Kabo, talatin zuwa tara. Shi ya fi kowa faɗuwa." Ba ta kalle ni ba.

A waje Liman ya ce in zo da buhu gobe, kuma in bar bakin a gida.

Laraba, 23 ga Oktoba

Geron Liman ya shigo. Zai ɗan ja mu. A majalisa aka tambaye ni nawa aka ba ni, na faɗa daidai yadda yake. Suka jira ƙarashen, babu. Ba wani abu ba ne, maƙogwarona ne ke ciwo.

Jan kwalin da na yanke, ashe ta taho da shi. Ta buga shi da ƙusa a zaure, inda duk mai shigowa zai gani. Ta ja masa layi-layi da rula. Na ce na mene ne? Ta ce, "Tamanin da ɗaya nake bin ka, Baba. Duk damin da ya shigo zan shafe layi ɗaya, kuma ni zan shiga rumbun."

Na ce ko za a yi mini ragi, tun da ni ne uban mai jadawali?

Ta ce a'a.

Gobe zan fara kai taki gonar.