Tulun Mahaifiyata Ba Na Tsafi Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Gidan Adana Kayan Tarihin da ke riƙe da tulun mahaifiyata a ƙasar Turai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, sunana Rifkatu Dauda, malamar firamare mai ritaya a Samaru, Zariya. Da Hausa na rubuto. Ka nemi mai fassara, ni ma sai da aka fassara mini rubutunku.

A daminar bana na je garinku taya 'yata jego. Ita ta ja ni gidanku, wai in miƙe ƙafa. Ina cikin kalle-kalle sai ga tulun Mama a cikin gilashi, an haska masa fitila. Na matsa kusa na duba shi da kyau.

Na ɗaya, takardar da ke gabansa ta ce tulun tsafi ne na shekaru aru-aru, ba a san magininsa ba, wai ramin gefensa ƙofar iskoki ce. Ranka ya daɗe, ƙarya ce. Mama ce ta gina shi ina aji uku, ni na ɗebo mata yumɓu. Tulun kiɗa ne na zumuntar matan cocinmu a Sabon Gari. Ramin nan da tafin hannu ake bugunsa ya ba da amo. Ku kifa shi, za ku ga gicciyen da ta zana da tsinke a gindinsa.

Na biyu, wani Bature mai bincike da ya zauna a Samaru shi ya are shi, wai zai ɗauki amonsa a kaset ya maido cikin mako biyu. Mama ta naɗe masa shi a zanenta, har da guzurin gyaɗa. Mu ba ma sa baƙo ya sa hannu a takarda kafin mu ba shi aro. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: matan zumunta suka ce sayarwa ta yi. Aka karɓe riƙon kayan kiɗa daga hannunta. Shekara talatin ke nan tana zama a bencin baya, ba ta ƙara taɓa tulu ba. Yanzu tana unguwar Muciya, idanu sun tafi.

Ba roƙo nake yi ba. Ku cire takardar nan. Ku rubuto wasiƙa da hatiminku cewa aro aka yi, a karanta a gaban zumunta. Ku maido tulun tun Mama tana da rai. In kun yi shiru zan sake rubutowa, ritaya nake, ina da lokaci.

Ban gaya mata kun maishe ta matsafiya ba, na dai ce na gan shi. Abu ɗaya ta tambaya: ko akwai mai buga shi a can. Ban ba ta amsa ba tukuna, taka nake jira.

Allah ya ba ka lafiya, ya ba ka zuciyar maido da kayan mutane.

Wassalam,
Rifkatu Dauda, Samaru.