Kiyashi a Ɗakin Inna

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya sanyin Jos, ya maigidan da yara? Da fatan kowa lafiya.

Inna ce ba lafiya. Tun da kika aiko da injin markaɗen nan ta bar tuwo, sai ruwan kankana da abarba da dabino, wai don ta rage ƙiba. Kin fi kowa sanin tana da ciwon suga.

Ranar Talata da azahar na same ta a tsakar gida, ido a kafe, tana hira da marigayi Baba. Numfashinta na warin ruɓaɓɓen mangwaro, kiyashi sun ja layi daga ɗakinta har tabarmarta. Mutanen gida suka ce iska ce, aka kunna turare. Maƙwabciyarmu Malama Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, ita ce ta gwada jininta, ta ce a tafi asibiti yanzu.

Inna ta farfaɗo a asibitin Gwarzo. Likita ya ce ruwan nan da take sha suga ne zalla. Na share ɗakinta sau uku, kiyashin sun ƙi tafiya.

Ki sa ta a addu'a, ki gaida yara. Kada ki ƙara aiko mata da komai sai kin tambaye ni.

Ƙanwarki,
Hadiza, daga Getso